Jar Fitila a Gidan Malam Hambali

Unguwar Ɗinya, Lakwaya,
Gwarzo.
Farkon watan Maris.

Zuwa ga Yayana Mahbub,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Anti Zinnira da yara gaba ɗaya. Yaya makaranta, yaya fama da ɗalibai? Yaya mutanen Kabo? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro.

Na san za ka yi dariya ka ce Adawiyya ta koma zamanin da, ga waya a hannu tana rubuta wasiƙa. To yi dariyarka. Sabis kam muna da shi yanzu, tun da aka kafa sabon dogon ƙarfen nan ta wajenku, har cikin ɗaki ake kira. Amma maganar da zan yi maka ba ta waya ba ce. Kunnen Malam ya yi wani irin kaifi, ko a bayan rumbu na yi raɗa sai ya ji. Shi ya sa zan riƙa ba Sagiru direba takarda duk ranar da zai bi ta Kabo, kai ma ka ba shi amsa a rufe.

Yaya, idon Malam ne. Dundumi yake yi. Da rana ba ka cewa komai, yana karatunsa, yana zuwa gona. Amma da zarar magariba ta rufa sai ya koma lalube. Shekaranjiya a tsakar gida ya yi karo da turmi, turmin da tun da aka kawo ni gidan nan yake wuri ɗaya. Ya ce wai santsi ne. Santsi a tsakiyar rani! Hanta kam ya ci har ya gaji, Inna Gwamma mahaifiyarsa ta sa an gasa masa, an turara masa ido da ita, babu wani canji.

Da a ce wani ne, da sai a ce ya riƙa shiga ɗaki da wuri, shi ke nan. Amma ka san gidan su Malam. Ko da yake kai ɗan boko ne, ba ka taɓa tsayawa ka ji yadda abin yake ba, to yau sai ka ji. Tun kakansa, mutumin gidan nan ne yake hawa dutsen bayan gari kafin asuba idan damina ta kusa. Yana jiran taurarin nan, Kaza da 'ya'yanta, su ɓullo daga gabas. Bayan su da 'yan kwanaki akwai wani jan tauraro da yake biyo su, Dabaran. Ranar da aka gan shi, ranar ake buɗe rumbun iri a fitar da dawa, don sun ce ruwan da ya zo bayansa ba ya yaudara. Ba duba ba ne, ba bokanci ba ne, ko me samarin masallacin bakin hanya za su ce. Sanin lokaci ne kawai. Yanzu ma rabin gari rediyo suke saurare, amma dattawa har gobe shi suke jira.

Kuma Malam ba shi da wani abin da yake taƙama da shi sai wannan. Allah bai ba mu namiji ba, 'yarmu Fiddausi kuma tana gidan mijinta. Ya taɓa ce mini duk shekarar da ya hau dutsen nan bai ga jan tauraron ba, to a ɗauka ya gama amfani. A lokacin dariya na yi. Yanzu maganar ba ta barina barci.

Ga abin da ya sa na tuna da kai. Na lura idan wani ya dalla masa tocila a fuska, sai ya tsaya cak, ya daɗe kafin ya iya ɗaga ƙafa. Sai na tuna ranar sunan autanku kana ta cika mu da surutu, kana cewa masu kallon taurari ba sa kunna farar fitila, ja suke kunnawa, wai ita ba ta kashe ganin dare. A ranar na ce maka ka bar mu mu ci waina. To na janye. Don Allah ka yi mini bayani dalla-dalla: wane irin ja, da me ake yi, a ina ake samu. Idan farin hasken nan na tocila da sola ne yake cinye masa ido, wallahi sai na kore shi daga gidan nan.

Ka gaishe mini da kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Adawiyya.

*

Unguwar Ɗinya.
Ƙarshen Maris.

Yaya Mahbub,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun tashi lafiya, da fatan zazzaɓin Anti Zinnira ya sauka. Allah Ya ƙara sauƙi.

Takardarka ta iso, na karanta ta har sau ba adadi. Na gane bayaninka: ido yana ɗaukar kusan rabin awa a duhu kafin ya buɗe sosai, farin haske na ɗan lokaci kaɗan ya rushe wannan duka, ja kuwa ba ya rushewa idan bai yi ƙarfi ba. Na kuma ga inda ka ja layi biyu a ƙarƙashin maganar asibiti. Na gani, Yaya, ba makauniya ba ce ni. Amma kai ka san surukinka. Na ambaci asibiti sau ɗaya, ya yi kwana biyu yana amsa mini gaisuwa da ka.

Jar fitila kuwa ya karɓe ta hannu bibbiyu. Da na gaya masa, har zama ya gyara. Ya ce ai mahaifinsa ma ba ya yarda a kunna aci-bal-bal kusa da shi idan zai hau dutse, sai dai garwashi a kasko. Ka ga ke nan abin ya zo daidai da na gidansu.

Bari ka ji wahalar da na sha. Na fara da jar leda, irin ta 'yan kanti. Na ɗaure ta a bakin tocila, sai ga haske ruwan hoda kamar ɗakin amarya. Na yi gwajin da ka ce, na haska koriyar dardumar Malam in ga ko za ta koma baƙa. Tana nan koriya shar, kamar tana yi mini gwalo. Na ninka ledar uku, ta ɗan yi duhu, amma har yanzu ana ganin koren. Na gwada a fitilar ƙwai ta Inna, leda ta narke ta cika ɗaki da wari, Inna ta yi ta salati tana cewa zan ƙone ta da ranta.

Daga nan na ce bari in shafa wa gilashin jan farce. Tabɗi! Ni matar malami, na tsaya gaban mai kayan kwalliya a kasuwar Gwarzo ina cewa a ba ni wanda ya fi ja. Yarinyar ta dube ni sama da ƙasa, ta ce Hajiya kin san dai ba ya alwala ko. Na ce mata tocila ce za ta shafa, ita kuma ba ta salla. Na shafa, na bari ya bushe, na ƙara. Tsakiya ya yi kyau, amma gefe-gefe farin yana tsiyayowa, kuma bayan kwana kaɗan ya fara ɓarewa.

Wanda ya fi dama-dama shi ne murfin fitilar bayan babur da wani bakanike ya ba ni daga cikin tarkacensa. Na ɗaure shi da salatif. Darduma ta yi duhu, amma jan nasa yana da ɗan ruwan goro, kuma hasken yana watsuwa ko'ina maimakon ya tsaya a ƙasa.

Duk da haka mun fara. Bayan isha'i nakan shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida, mu fuskanci yamma, don yanzu Kaza a can take kafin ta ɓuya. Mu zauna shiru mu jira ido ya buɗe. Idan na tambaye shi, sai ya ce yana ganin kamar-kamar. Ban san ko gaskiya ba ne, ban kuma matsa ba.

Ka ce akwai wata jar roba ta musamman da masu ɗaukar fim suke sa wa fitilunsu a Kano. Don girman Allah idan ka shiga birni ka nemo mini. Wadda ta fi duhu, kada ka ji tausayin ja.

Taka,
Adawiyya.

*

Unguwar Ɗinya.
Tsakiyar Afrilu.

Yayana na kaina,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya zafi? Mu nan ko tabarma ba ta kwantuwa. Ina gaida yara, ina gaida uwarsu.

Allah Ya saka da alheri, Ya raba ka da sharrin duniya. Roba ta iso, kala biyun duka. Mai hasken na ajiye ta, mai duhun ita ce magana. Da na haska dardumar nan sai ta koma baƙa ƙirin, ganyen zogale ma baƙi. Na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki kamar wata taɓaɓɓiya. Na bi shawararka na sa ninki biyu, na kuma zaɓi tocila mai raunin batir don kada jan ma ya yi yawa.

Yanzu gidanmu kaf ja ne. Tocila biyu, ƙwan sola na tsakar gida, na ɗakin Inna, har fuskar wayata na liƙe. Ƙwan zaure na cire shi gaba ɗaya. Maƙwabcinmu da fitilarsa take leƙowa ta kan katanga, na je har gida na roƙi matarsa, suka juya ta. Wanda duk zai shigo mana bayan magariba sai ya kashe tocilarsa a ƙofa. Gari ya ɗauka, ana ce mana gidan 'yan wuta. Inna ta ce ita ba za ta ci tuwon da ya yi kama da jini ba, yanzu tun la'asar take cin nata. Sau biyu tana tuntuɓe a hanyar bayi, kuma duk sau biyun ni ta zaga. Na shanye, don ta fi ni gaskiya.

Yaya, abinka yana aiki. Wallahi yana aiki, sai dai ba a kan wanda aka yi dominsa ba. Ni ce nake gani. Shekara nawa ina ƙarƙashin samaniyar nan ban san haka take ba. Idan muka zauna, da farko 'yan manyan ne kawai, can sai ƙanana su yi ta fitowa har su rasa wurin tsayawa. Na ga Kaza da 'ya'yanta a cure wuri ɗaya. Na ga jan tauraron a samanta kaɗan. Malam ne yake kwatanta mini daga ƙwaƙwalwarsa, ya ce duba hagu, ɗaga kai kaɗan, akwai wasu uku a jere, kuma duk inda ya ce, nan suke. Yana faɗa ina gani, shi kuwa idonsa yana yawo a sama bai tsaya ko'ina ba.

Rannan na kasa haƙuri na kama kansa da hannuna biyu na saita shi daidai kan tauraron. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce ƙila akwai hazo. Babu hazo, Yaya, sama tas take. Na ce masa e, akwai kaɗan. Na shiga ɗaki na yi kukana a cikin filo saboda kunnensa.

Abin da ya ƙara tsorata ni, yanzu har da rana. Na miƙa masa kofi ta gefe bai gani ba sai da na yi magana. Akuya ta wuce ta kusa da ƙafarsa bai sani ba.

Albishir ɗaya dai: ya yarda da asibiti. Ba don ni ba. Mai unguwa Mudi ne ya zo gaisuwa ya ce masa bana dattawa sun zuba ido, don bara waɗanda suka yi gaggawar shuka sun yi asarar iri. Bayan fitarsa Malam ya ce to a je a wanke idon kafin lokaci. Wankewa yake zaton za a yi. Ka shirya ka raka mu, don ni Kano rikita ni take yi.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Adawiyya.

*

Unguwar Ɗinya.
Watan Mayu.

Yaya,

Sallama. Ina fata ka koma gida lafiya. Mun gode da ɗawainiya, Allah Ya bar zumunci.

Kana wurin, ka ji abin da na ji, amma a mota ba mu samu yin magana ba, kuma idan ban faɗa wa wani ba ƙirjina zai fashe. Tun da muka dawo maganar likitan nan take yi mini amsa-kuwwa. Wai a cikin ido akwai masu aikin rana da masu aikin dare. Wai jar fitila tana da amfani ne don masu aikin dare ba sa jin ta, sai su yi zamansu a buɗe. Na Malam kuwa sun riga sun mutu, ba yau ba, a hankali suka yi ta tafiya shekara da shekaru. Na ranar ma sun fara bi, daga gefe zuwa tsakiya. Ba tocila ba ce, ba sola ba ce, a jini yake. Babu wanki, babu aiki, babu ƙwaya.

Ka tuna da na fito da tocilata daga jaka na nuna masa? Ya jujjuya ta, ya ce an yi dabara mai kyau. Sannan ya rage murya ya ce, Hajiya, abin da kike gadi ba ya nan. Na so ƙasa ta tsage in shige. Wata biyu ina faɗa da maƙwabta, ina sa tsohuwa tuntuɓe, ashe ɗakin da nake tsare wa ƙofa babu kowa a ciki.

Ba na jin haushinka, kada ma ka fara. Kai tun farko asibiti ka ce. Na ga fuskarka a motar, kamar kai ka yi laifin. Haba Yaya.

Shi kuwa ka ga yadda ya yi, kai kawai yake gyaɗawa yana cewa Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Na zaci ya karɓa. Muna sauka a Gwarzo, kafin mu hau babur, sai ya tambaye ni ko robar nan ta rage, wai ta ƙwan tsakar gida ta fara koɗewa da rana, a canza ta. Na ce akwai saura.

Na canza ta. Me zan yi? Idan na cire jan nan daga gidan, kamar na ce masa shi ke nan ne, kuma bakina ba zai iya ba. Yanzu har wani ƙarin tsari ya kawo: tun la'asar sakaliya yake shiga ɗaki ya rufe taga, wai yana tara gani. Yana cewa likita ya san ido, amma bai san na gidansu ba, kakansa har ya tsufa tukuf yana hawa dutse. Inna kuwa ta kira ni gefe ta ce wani ƙanen mijinta haka ya yi, kafin ya cika hamsin sai da aka riƙa ja masa sanda. Ta ce kada in gaya wa ɗanta. Ka ji mu, mutum uku a gida ɗaya, kowa yana ɓoye wa kowa abin da kowa ya sani.

Kaza ta ɓuya, ba za a sake ganin ta ba sai ta ɓullo ta gabas. An yi yayyafi sau biyu, masu rediyo sun fara kaftu, wasu har sun jefa gero. Dattawa suna jira. Kullum mai unguwa ya wuce sai ya leƙo ya ce Malam muna nan fa.

Ba na sa rai da komai, Yaya. Addu'a kawai nake roƙo, ita ma ban san me zan ce ka roƙa ba.

Adawiyya.

*

Unguwar Ɗinya.
Tsakiyar Yuni.

Yaya Mahbub,

Assalamu alaikum. Yaya ruwa a wajenku? Ina fata kowa lafiya.

Mun fara hawa dutse tun makon jiya. Mace ba ta taɓa hawa don wannan aikin ba, amma wa zai kai shi? Muna fita kafin kiran farko, ina gaba da jar tocila ina haska ƙasa, yana dafe da kafaɗata. A saman dutsen akwai wata tsohuwar ɗinya, a gindinta kakansa da ubansa suke zama. Safiyar farko gajimare, ta biyu ma haka. Daga baya na ga Kaza ta fito, na gaya masa, ya ce madalla, saura mai bin ta. Bai ce ya gani ba, ban tambaya ba.

Daren jiya aka yi ruwa mai ƙarfi, ya wanke sama tas. Muna zaune, gabas ta fara ɗan fari daga ƙasa, sai na gan shi. Jan tauraron, ƙarƙashin Kaza, yana ƙyaftawa, daidai yadda ya sha kwatanta mini. Na buɗe baki ke nan sai na ji ya damƙe hannuna har da zafi. Ya ce Allahu Akbar, ga shi can. Muryarsa ta koma ta saurayi.

Na bi yatsansa da kallo. Yaya, ba shi yake nunawa ba. Ƙasa yake nunawa, kamar faɗin tafin hannu daga inda tauraron yake. Fitilar kan ƙarfen sabis ɗin nan ce ta wajen Kabo, jar nan da ake sa wa a ƙololuwa saboda jirgi. Na sha hango ta dishi-dishi a safiyoyin baya ban ɗauke ta komai ba. Yau da sama ta wanku sai ta fito rangaɗau, ta fi tauraron haske nesa ba kusa ba. Duk faɗin samaniyar Allah, ita kaɗai idonsa ya iya kamawa.

Ya juyo ya ce, Adawiyya, ya fito ko? Ina kallon na gaskiyar na ce ya fito, Malam. Ban yi ƙarya ba, ko? Ka gaya mini, kai da ka yi karatu. Ya fito ɗin. Ya yi sujada a kan dutsen nan, ya ɗago da hawaye a gemu. Da gari ya fara wayewa fitilar ta mutu da kanta, ya ce kin gani, haske ya haɗiye shi.

Bayan sallar asuba ya sanar a masallaci. Kafin hantsi an buɗe rumbuna, gari ya fita gona da sungumi. Mai unguwa ya aiko da zabi biyu. Malam ya ci abinci har da neman ƙari, ya tsokani Inna, ya ce in rubuto maka in ce jar robarka ta fi likitan Kano. Ga shi na rubuta, na sauke saƙo.

Irin mutane ba zai lalace ba, lokacin daidai ne, da idona na gani. Wannan kaɗai nake riƙewa. Amma al'adar gidan ita ce a koma a yi ta duba shi 'yan kwanaki, a ga yadda yake hawa. Na ce masa ya huta, ƙafata ma tana ciwo. Ya ce ko da rarrafe sai ya je.

Ina jin tsoron gobe.

Ƙanwarka,
Adawiyya.

*

Unguwar Ɗinya.
Ƙarshen Yuni.

Yayana,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fata kuna lafiya. Na ga saƙonka cewa za ka zo ranar Asabar, Allah Ya kawo ka lafiya. Gara ka san abin da za ka tarar.

Washegari mun koma, gajimare ya rufe gabas, na yi hamdala a zuciyata. Safiyar da ta biyo sama ta buɗe. Ya nemo jar fitilar ƙarfen nan da kansa, ya same ta, ya yi murmushi. Sai ya gyara zama ya jingina kansa da jikin ɗinyar, ya ce bari ya nuna mini yadda ubansa ya koya masa. Akwai wani reshe da ya miƙa gabas. Ana saita tauraron da ƙarshen reshen, a tsayar da kai, a yi ta kallo har a ga ya rabu da shi ya yi sama. Ya ce tauraro ba ya zama, ko na ɗan lokaci.

Ya saita. Ina kallon na gaskiyar yana ta hawa abinsa, ina kallon fuskar Malam. Aka yi kiran farko, bai motsa ba. Murmushin ya tafi a hankali. Har na so ya yi mini faɗa, ya zage ni, komai ma.

Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, mene ne wancan? Na gaya masa. Ya gyaɗa kai. Sai ya ce, na gaskiyar yana ina? Na kama hannunsa na ɗaga shi sama, na saita yatsansa daidai. Ya bi hannun nasa da ido, ya daɗe, ya daɗe ƙwarai. Sannan ya ce, babu komai a wurin, Adawiyya.

Bai yi kuka ba, ni ce na yi. Shi ya riƙa ba ni haƙuri, yana cewa ai na yi ƙoƙari.

Ranar bayan azahar ya je wurin mai unguwa ya faɗa masa komai, duk da na roƙe shi ya bari. Ya ce ba zai ci zabin da ba nasa ba. Ya gaya masa tauraron ya fito da gaske, amma matarsa ce ta gani. Mai unguwa ya ce Allah Ya ba da lafiya, baɗi sai a bi rediyo kamar kowa. Dawa ta tsiro da kyau, layi-layi, duk wanda ya wuce sai ya yaba. Malam bai je ya duba ba.

Da magariba ta yi ya ce in kawo masa tocilolin. Ya zauna a bakin ƙofa yana lalubar salatif da farce, ya ɓare robar ɗaya bayan ɗaya, ya ninke su ya miƙo mini. Ya sa na hau turmi na cire ta ƙwan tsakar gida, na mayar da na zaure. Ya ce a kunna wa Inna fitila sosai, ta sha tuntuɓe saboda shi. Inna da take ta mitar jan nan wata da watanni, da farin haske ya cika gidan sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki.

Jiya bayan isha'i na fito tsakar gida na ɗaga kai don sabo. Ƙwan sola yana ci, ban ga komai ba sai 'yan ƙwarin da suke zagaya shi. Zan iya kashewa in jira idona ya buɗe, na san yadda ake yi yanzu. Ban kashe ba. Ba na son in sake ganin abin da zai tambaye ni.

Kada ka sayo ƙarin robar da ka ce, ta gama aiki. Idan za ka taho, ka biya kasuwa ka zaɓo sanda mai ƙwari, mara nauyi, daidai tsayinsa. Shi ya ce in gaya maka.

Ka gaida Anti Zinnira da yara.

Ƙanwarka,
Adawiyya.